Jane Manning James: Baƙar Matar Da Ta Taka Mil 800 Saboda Bangaskiyarta

A wannan mako filinmu na tarihin mutanen dā zai kai mu ƙasar Amurka, inda za mu duba rayuwar wata baƙar mace mai suna Jane Elizabeth Manning James, wadda ta rasu a shekarar 1908. Ita 'yar ɗariƙar Mormon ce, tana kuma cikin mutanen farko da suka ƙetare jeji da duwatsu suka kafa garin Salt Lake a yammacin Amurka a shekarar 1847.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu faɗi gaskiya a fili don kada wani ya ruɗe. Ɗariƙar Mormon, wadda mabiyanta suke kira Ikilisiyar Yesu Kristi ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe, wani mutum mai suna Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar New York a 1830. Suna da Littafin Mormon da wasu littattafai waɗanda suke ɗauka a matsayin maganar Allah tare da Littafi Mai Tsarki. Suna koyar da cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne a rarrabe, suna kuma yin baftisma a madadin matattu. Ikilisiyoyinmu ba su yarda da waɗannan koyarwa ba, mu ma a wannan fili ba mu yarda da su ba. Amma mun tuna cewa Ubangijinmu da kansa ya ɗauki Basamariye ya koya wa masanin Attaura darasin maƙwabtaka. Saboda haka muna ganin akwai abin koyo a rayuwar wannan baiwar Allah, akwai kuma gargaɗi mai zafi ga kowace ikilisiya.

Ƙuruciyarta

An haifi Jane a garin Wilton na jihar Connecticut a farkon shekarun 1820. Iyayenta baƙaƙen fata ne 'yantattu, amma talakawa ne ƙwarai. A lokacin nan ana cikin cinikin bayi a jihohin kudancin Amurka, a arewa kuwa ko da baƙin mutum ya sami 'yanci, ba a ba shi daraja ɗaya da Bature. Mahaifinta, Isaac Manning, ya rasu tana ƙarama, don haka aka kai ta aikatau gidan wani Bature mai hali, Joseph Fitch, a garin New Canaan da ke kusa. A can ta girma tana wanki da dafuwa da sauran hidimar gida. Tun tana budurwa ta haifi ɗa namiji aka sa masa suna Sylvester, ta kuwa riƙe shi duk inda ta tafi.

Jane ta shiga ikilisiyar garin, tana zuwa sujada, amma bisa ga labarin da ta bayar da bakinta, zuciyarta ba ta ƙoshi ba. A 1842 wani mai wa'azin Mormon mai suna Charles Wandell ya zo yankin. Limamin ikilisiyarta ya hana ta zuwa sauraronsa, ita kuwa ta tafi. Abin da ta ji ya kama ta, aka yi mata baftisma, daga baya mahaifiyarta da 'yan'uwanta suka bi sawunta. A nan akwai abin tunani ga fastocinmu da dattawan ikilisiya. Hani kawai ba ya tsare tunkiya. Idan ba a ciyar da ita a gida ba, za ta nemi kiwo a wani wuri.

Tafiya zuwa Nauvoo

A zamanin nan ana kiran dukan mabiya ɗariƙar su tattaru a Nauvoo, garin da suka gina a bakin Kogin Mississippi a jihar Illinois. A 1843 Jane ta tashi tare da danginta, su tara duka duka: ita da ɗanta, da mahaifiyarta, da 'yan'uwanta maza biyu da mata biyu, da surukai biyu. Sun taso cikin ayari ɗaya da Turawa 'yan ɗariƙar, suka iso garin Buffalo inda za a shiga jirgin ruwa. A nan aka ce lalle sai sun biya kuɗin jirgi nan take, alhali shirin da suka yi shi ne su biya a gaba. Aka tafi da Turawan, aka bar su a tashar. Masana tarihi da yawa suna ganin launin fatarsu ne ainihin dalilin.

Wani a wannan hali sai ya koma gida. Su kuwa suka kama hanya da ƙafa, tafiyar da Jane ta ce ta fi mil 800, wato kusan kilomita 1,300, nisan da ya wuce daga Kano zuwa Ikko a mota. Kaka ta riga ta shiga, sanyi ya fara tsananta. Takalmansu suka ƙare, ƙafafunsu suka tsattsage har ana ganin jini a sawunsu. Jane ta ba da labari cewa sun tsaya sun yi addu'a tare don ƙafafun, suka kuwa sami sauƙi. Wata rana suka iske rafi babu gada, suka ratsa ruwan yana kai musu wuya. Wasu darare sun kwana a kango, wasu a fili cikin jaura.

Da suka iso garin Peoria a Illinois, hukuma ta tare su tana neman takardar shaidar 'yanci, gama dokar jihar ta wajabta wa kowane baƙin mutum ya nuna cewa shi ba gudajjen bawa ba ne. Su kuwa ba su taɓa zama bayi ba balle su riƙe irin wannan takarda. Aka yi musu barazanar kurkuku, da ƙyar suka shawo kan ma'aikatan aka sake su. Wajen ƙarshen shekarar suka shiga Nauvoo.

Joseph Smith da matarsa Emma suka sauke su a gidansu. Cikin mako guda sauran dangin suka sami aiki da masauki, ya rage Jane kaɗai, ga shi akwatin tufafinta da ta aika gaba ya ɓace a hanya. Aka same ta tana kuka, sai aka riƙe ta a gidan tana wanki da guga. Ta ce a lokacin nan ne Emma ta yi mata tayin a ɗauke ta 'ya a cikin iyalin, bisa ga wata hidimar ɗariƙar, ita kuwa ta ƙi domin ba ta gane ma'anar abin ba. Za mu ga yadda wannan magana ta bi ta har tsufa.

Ƙaura zuwa yamma

Zaman Nauvoo bai daɗe ba. Rikici ya tashi tsakanin 'yan Mormon da maƙwabtansu a kan siyasa da iko da kuma batun auren mata da yawa da shugabannin suka fara yi a ɓoye. Ran 27 ga Yuni 1844 'yan tarzoma suka kashe Joseph Smith da wansa Hyrum a kurkukun Carthage. Shugabanci ya koma hannun Brigham Young, Jane kuma ta koma aiki a gidansa. A nan ta auri Isaac James, wani baƙin mutum 'yantacce daga jihar New Jersey, shi ma ɗan ɗariƙar.

A 1846 aka tilasta wa 'yan Mormon barin Nauvoo. Yawancin dangin Jane ba su bi ayarin ba, ita kuwa ta bi, ga ta da juna biyu. A kan hanya cikin Iowa ta haifi ɗanta Silas. Suka ci lokacin sanyi a wani sansani a bakin Kogin Missouri da ake kira Winter Quarters, cikin bukkokin itace da na ƙasa, inda ɗaruruwan mutane suka mutu saboda zazzaɓi da rashin abinci mai gina jiki.

Da bazarar 1847 ta yi, aka shirya ayari-ayari, kowanne da shugabansa. Sauran tafiyar ta kai wajen mil 1,000. Amalanken shanu ne ke ɗauke da hatsi da iri da kayan noma, mutane kuwa galibi a ƙasa suke tafiya don kada shanun su gaji. A filayen da babu itace, mata sukan tsinci busasshen kashin ɓauna su yi girki da shi. Ayarin farko tare da Brigham Young ya isa kwarin babban tafkin gishiri a watan Yuli 1847, a cikinsa har da bayi baƙaƙe uku: Green Flake, Hark Lay da Oscar Crosby. Jane da mijinta da 'ya'yansu biyu suka iso a watan Satumba cikin ayarin Ira Eldredge. Ƙasar a lokacin tana ƙarƙashin Meksiko, sai a 1848 ta koma hannun Amurka. Ba kuma fili ne marar mai shi ba. Ƙabilun Ute da Shoshone sun daɗe suna zaune a yankin, zuwan baƙin kuwa ya raba su da wuraren farauta da ruwa, abin da ya jawo yaƙe-yaƙe a shekarun da suka biyo.

Yunwa da kyauta

Kwarin busasshe ne, ruwan sama kaɗan ne, sai da aka haƙa lambatu aka jawo ruwa daga duwatsu kafin shuka ta yi. A watan Mayu 1848 Jane ta haifi 'yarta Mary Ann, wadda ake lissafta ta a matsayin baƙar jaririya ta farko da aka haifa a Utah. A wannan shekara wasu ƙwari masu kama da fara suka afka wa gonaki, sai da garken tsuntsayen bakin ruwa suka zo suka cinye da yawa daga cikinsu aka tsira da wani abu. Duk da haka abinci ya yi ƙaranci, har mutane suna tonon saiwoyin daji. Jane ta tuna cewa abin da ya fi ƙona mata rai shi ne jin 'ya'yanta suna kukan yunwa, ba ta da abin ba su.

Cikin wannan hali ne wani abu ya faru wanda ya sa har yau ake ambaton sunanta. A 1849 wata Baturiya mai suna Eliza Partridge Lyman ta rasa abinci, gama an aiki mijinta California ya bar gidan babu gari. Jane ta kai mata laba biyu na garin alkama, abin da bai cika kilo guda ba. Eliza ce ta rubuta wannan a littafin ajiyar labarinta, ta kuma lura cewa kusan rabin abin da Jane take da shi ke nan. Wannan ya tuna mana da gwauruwar Zarefat wadda ta ciyar da annabi Iliya daga ɗan garin da ya rage mata, kamar yadda muke karantawa a 1 Sarakuna sura 17. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sannu a hankali iyalin suka farfaɗo. Isaac ya yi wa Brigham Young aikin tuƙa keken doki, suka sami gona da tumaki da dawaki, Jane tana kaɗi tana ɗinka wa iyalinta tufafi. 'Ya'yanta suka kai takwas. Amma a 1870 auren ya mutu, Isaac ya bar garin. Ta sake yin wani gajeren aure wanda bai daɗe ba, sa'an nan ta ci gaba da riƙon gida ita kaɗai, da wankau da dafa sabulu da ɗan lambu. Daga cikin wannan ɗan abin hannu take ba da baiko a ƙungiyar matan ɗariƙar, ta kuma ba da gudummawa don gina haikalinsu na St. George da Logan da Manti. Bayan shekara 20 Isaac ya komo, tsoho, marar lafiya. Ta karɓe shi ta yi jinyarsa har ya rasu a 1891, a gidanta kuma aka yi hidimar jana'izarsa.

Ƙofar da aka rufe mata

Yanzu mun zo ga abin da ya fi nauyi a tarihin nan. A zamanin Joseph Smith an naɗa baƙaƙe kaɗan a matsayin firist, kamar Elijah Abel a 1836. Amma a 1852 Brigham Young ya yi shela cewa baƙin mutum ba zai riƙe matsayin firist ba, yana kafa hujja da la'anar Kayinu. A wannan shekara kuma majalisar yankin Utah ta halatta riƙon bayi, dokar da ta tsaya har 1862. Hanin ya shafi mata ma, domin an hana baƙaƙe maza da mata manyan hidimomin haikali.

Don mu gane nauyin wannan, sai mu san cewa a wurin 'yan Mormon haikali dabam yake da majami'ar da ake sujadar Lahadi. A cikinsa ake hatimce miji da mata, da iyaye da 'ya'ya, su zama iyali har abada, suna kuma koyar da cewa sai da waɗannan hidimomi mutum zai kai matsayi mafi girma a sama. Jane ta binne shida daga cikin 'ya'yanta takwas. Mu duba halin uwar da aka koya mata cewa akwai hanyar da za a haɗa ta da 'ya'yanta har abada, sa'an nan aka ce ita ba za ta bi hanyar ba saboda fatarta.

Ba ta yi shiru ba. A 1884 ta aika wa shugaban ɗariƙar, John Taylor, da wasiƙa, ta tuna masa alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim game da dukan al'umman duniya, ta tambaya ko ita ba ta da rabo a cikin wannan albarka. Ta kuma tuna wa shugabannin tayin da Emma ta yi mata a Nauvoo, ta roƙa a cika shi. Ta yi ta kai kuka shekara da shekaru, kamar gwauruwar nan ta Luka sura 18. Abin da aka yardar mata shi ne yin baftisma a madadin danginta da suka mutu. A watan Mayu 1894 shugabannin suka yi wata hidima a haikalin Salt Lake, inda aka haɗa ta da iyalin Joseph Smith a matsayin baranya ta har abada. Ko shiga ba a bar ta ta yi ba, wata Baturiya ce, Bathsheba Smith, ta tsaya a madadinta. Jane ba ta gamsu ba, ta sake roƙo, aka sake hana ta.

Duk da haka ba ta bar ɗariƙar ba. A tsufanta ɗan'uwanta Isaac Manning ya zo ya zauna tare da ita, aka keɓe musu kujeru a gaba cikin babban ɗakin taro, mutane suna girmama ta a matsayin wadda ta san wanda ya kafa ɗariƙar ido da ido. Da idanunta suka raunana, ta faɗi tarihinta wata mata mai suna Elizabeth Roundy ta rubuta. Ta rasu ran 16 ga Afrilu 1908, shugaban ɗariƙar na lokacin, Joseph F. Smith, ya yi jawabi a jana'izarta.

Sai a watan Yuni 1978, shekara 70 bayan rasuwarta, shugaba Spencer W. Kimball ya ɗage hanin. A 1979 aka yi hidimar da ta roƙa a madadinta, a 2013 kuma ɗariƙar ta fito fili ta yi watsi da koyarwar cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Ɗage hanin nan ne ya buɗe musu hanyar Afirka ta Yamma. A ƙarshen 1978 'yan mishan ɗinsu suka yi baftisma ta farko a Nijeriya da Gana, suka keɓe haikali a Akara a 2004, da wani a Aba a 2005. Wannan ya sa ya kamata masu bi su san tarihinsu da koyarwarsu, don su iya ba da amsa cikin sani da ladabi.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, mu gode wa Allah domin bisharar da muka karɓa. Jane ta yi shekaru tana ƙwanƙwasa ƙofar da mutane suka riƙe mabuɗinta. Littafi Mai Tsarki kuwa ya nuna mana cewa ranar da Yesu ya mutu labulen haikali ya tsage, kuma wasiƙar Ibraniyawa sura 10 ta bayyana cewa jininsa ne ya buɗe wa kowane mai bi hanya zuwa gaban Allah. Babu kwamiti ko shugaban da zai iya rufe wannan hanya. Batun la'ana kuma, Farawa sura 4 da sura 9 ba su ambaci launin fata ba ko kaɗan. A Ayyukan Manzanni sura 8, da mutumin Habasha ya nemi baftisma, Filibus bai tambayi asalinsa ba.

Na biyu, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba 'yan Mormon kaɗai suka faɗa wannan rami ba. Manyan ikilisiyoyin Amurka sun rabu biyu a kan bauta a ƙarni na 19, a Afirka ta Kudu ma an yi amfani da Littafi Mai Tsarki wajen kare wariyar launin fata. Mu fa? In lokacin zaɓen dattawa ya zo, halin mutum muke dubawa ko yarensa? Wanda ya yi shekara 30 a gari yana ba da zakka da baiko, har yanzu baƙo muke kiransa? Sabon tuba wanda danginsa suka kore shi, muna ba shi 'yarmu aure, ko kuwa kujera kawai muke ba shi ran Lahadi? An ba Jane kujerar gaba, aka hana ta abin da ta fi bukata. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kira tara da sunanta, wato zunubi.

Na uku, ga 'yan Zumuntar Mata musamman, ga misalin mace wadda talauci da mutuwar aure da rashin 'ya'ya ba su bushe mata zuciya ba. Ta raba garinta da maƙwabciya a shekarar yunwa, ta yi jinyar mijin da ya bar ta, ta kuma faɗa wa manya gaskiya cikin ladabi ba tare da gajiya ba. Idan wadda aka rufe wa ƙofa ta yi haka, mu da muka san an buɗe mana ita kyauta ba mu da hujjar yin ƙasa da haka.

Bari kowace ikilisiya ta duba cikinta a wannan mako, ta ga ko akwai wanda yake zaune a tsakiyarmu shekara da shekaru amma har yanzu ba mu karɓe shi ɗan gida ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba da ƙaunar da ba ta tara. Amin.